Katun ɗin Japan da ya zama ɗan gida a Filifin

Ranar 8 ga Mayu 2023 tashar talabijin ta GMA da ke ƙasar Filifin ta fara haska Voltes V: Legacy, fim mai dogon zango da ya kai kashi 90. Labarin ba nasu ba ne. Asalinsa katun ne da kamfanin Toei na Japan ya fitar a 1977 ƙarƙashin darakta Tadao Nagahama, mai kashi 40: matasa biyar, uku daga cikinsu 'yan gida ɗaya, kowa da jirgin yaƙinsa, idan abu ya yi tsamari sai jiragen su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi mai takobi, su tare maharan da suka zo daga wata duniya mai suna Boazan. Abin da GMA ta yi shi ne ta ajiye zane ta sa mutane na gaske, irin su Miguel Tanfelix da Ysabel Ortega, suna magana da harshen Tagalog, mutum-mutumin kuma aka ƙera shi da kwamfuta. A ganina sun cancanci yin hakan, domin tarihi ya riga ya ba su rabo a labarin tun kafin su sayi lasisinsa.

GMA ɗin ce dai ta fara nuna katun ɗin a 1978, yara suka haukace a kansa. A 1979, ana saura kashi huɗu a gama, gwamnatin Ferdinand Marcos ta hana nuna shi, wai faɗace-faɗacen cikinsa na ɓata tarbiyyar yara. Lokacin ƙasar na ƙarƙashin dokar soja tun 1972. To, a Boazan masu ƙaho su ne sarakuna, marasa ƙaho bayi, kuma kashin ƙarshen da aka hana yaran gani shi ne inda bayin suka tashi suka kifar da sarki. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ne ainihin dalilin hanin. Akwai abin da ke raunana zargin, don hanin ya haɗa da wasu katun na mutum-mutumi irin su Mazinger Z. Amma ko da gwamnatin ba ta nufi siyasa ba, ta jefa katun ɗin cikin siyasa da hannunta. Yaran da aka katse wa kallo sun girma, an kori Marcos a 1986, su kuwa ba su ga ƙarshen labarinsu a hukumance ba sai 1999, lokacin da aka haɗa ragowar aka nuna a silima. Shekara ashirin ke nan suna jira. Har wani mai sassaƙa, Toym Imao, ya yi aiki na musamman a kan waɗannan kashi huɗun. Abin da zai sa mutum murmushi kuma, sabon fim ɗin ya fito ne ɗan Marcos na kan kujerar shugaban ƙasa.

Masu suka na farko suna cewa me zai sa a zuba maƙudan kuɗi a kan kayan aro alhali Filifin na da jarumanta na littattafan zane, kamar Darna. Amsar ita ce Darna an sha yin fim ɗinta, kuma aro iri-iri ne. Wanda ya ga yadda finafinan Indiya suka zauna daram a gidajen Kano har suka shafi yadda ake shirya fim ɗin Hausa ya san abu kan shigo baƙo ya tsufa ɗan gari. Tun a 1978 sunayen jaruman ma sun canja: Kenichi na Japan shi ne Steve Armstrong a Manila, kuma da wannan sunan iyaye suka ba 'ya'yansu labarinsa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Yaya aka yi kashi 40 ya zama 90? An ja shi ne ya dace da tsarin da suke kira teleserye, wasan da ake nunawa kowane dare daga Litinin zuwa Juma'a. Ƙera faɗan mutum-mutumi da kwamfuta na cin kuɗi da lokaci, ba mai iya yin sa kullum, sai aka cike gurbin da hira da hawaye da soyayyar Steve da Jamie da kishin Mark, dukansu cikin matasan biyar. Wani wurin jan ya yi yawa, gaskiya, mai jiran takobi sai ya ƙosa. Sai dai ba daga waje aka ɗauko kukan aka liƙa ba. Katun ɗin Nagahama da ma labarin gida ne: uwa ta sadaukar da ranta, uba ya ɓace, 'ya'ya na nemansa, babban abokin gabarsu Yarima Zardoz kuma ashe yayansu ne uba ɗaya. Inda sabon fim ɗin ya tsaya ya nuna rayuwar bayi a Boazan da yadda aka hana uban gadon sarauta don an haife shi ba ƙaho, nan ƙarin lokacin ya yi amfani, kuma nan ne ya taɓo abin da ya sa 'yan Filifin suka riƙe labarin.

Darakta Mark Reyes ya kuma san inda ba a taɓawa. Siffar mutum-mutumin tana nan yadda aka san ta, haɗewar jiragen biyar ta bi tsarin katun ɗin daki-daki, waƙar buɗewa kuma Julie Anne San Jose ta rera ta da Japananci, don da Japananci yaran 1978 suka haddace ta ba tare da sun san ma'anarta ba. Kamfanin da ya yi aikin kwamfutar, Riot Inc., na cikin gida ne, Toei kuwa ita ta riƙa duba aikin tana amincewa, tunda har yanzu haƙƙin mallaka nata ne. A Oktoba 2024 an nuna fim ɗin, a taƙaice, a gidajen silima na Japan.