Kafin Ku Ari Caja, Ku Karanta Abin Da Ke Jikinta

Ikkilisiyoyi da yawa a ƙauyukanmu yanzu suna da kwamfutar cinya. Da ita sakatare yake ajiye lissafin baiko, sunayen masu baftisma, da jerin iyalan da suka karɓi taki ko hatsin agaji. Idan ta ƙone, aiki ya tsaya, kuɗin gyara kuma daga aljihun masu bi zai fito.

Duk lokacin da sakatarori suka zo horarwa nan Kaduna, ba a rasa wanda ya manta cajarsa a gida. Sai ya ari ta na kusa da shi, yana cewa, "Ai bakin ya shiga." Shigar baki ba ta nuna cewa wutar ta dace.

Wutar NEPA ko ta janareta tana zuwa da ƙarfin kusan 230V. Aikin caja shi ne ta rage ta zuwa daidai abin da na'urarta take bukata, kuma kowace na'ura da nata awo. Yawancin kwamfutocin cinya suna bukatar 19V, 19.5V ko 20V. Piyanon mawaƙa irin na Yamaha da yawa 12V suke ɗauka. Ku juya cajar, ku nemi layin da aka rubuta OUTPUT, ku gwada shi da rubutun da ke ƙarƙashin kwamfutar. Abu uku za ku duba.

Na farko, lambar da ke tare da harafin V. Ita ce ƙarfin turin wuta, kuma dole ta zama ɗaya da ta kwamfutar. In ta yi ƙasa, batir ba zai cika ba. In ta yi sama, tana iya ƙona cikin na'urar nan take. Saboda haka kada a taɓa sa cajar kwamfuta a piyano: 19V a wurin da ake bukatar 12V, ranar Lahadi sai dai a yi waƙa da ganga.

Na biyu, lambar da ke tare da A. Wannan yawan wutar da caja za ta iya bayarwa ne. In ta fi ta kwamfutar, babu laifi, domin kwamfuta abin da take bukata kawai take ja, kamar yadda guga ba ya ɗibar fiye da cikinsa komai zurfin rijiya. Amma in ta gaza, cajar za ta yi zafi ƙwarai, ta mutu, ko ta narke. Caja mai 19.5V da 3.34A ita ce ake kira mai 65W.

Na uku, ɗan zane mai alamar + da −. A yawancin kwamfutoci, tsakiyar bakin shi ne +. Wasu kayan kiɗa akasin haka suke. In aka juya, ɓarna ce.

Sababbin kwamfutoci masu ƙaramin baki da ake kira USB-C, wanda ya fito a 2014, sun fi sauƙi. Caja da kwamfuta sukan daidaita tsakaninsu kafin wuta mai ƙarfi ta wuce. Cajar wayar hannu mai kyau ba za ta ƙona kwamfuta ba, sai dai ta cika ta a hankali ko ta kasa gaba ɗaya. Wasu kwamfutocin Dell kuma sukan kunnu da baƙuwar caja amma su ƙi cika batir. Ba lalacewa suka yi ba.

In za ku sayi sabuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello, ku tafi da kwamfutar, a gwada a gabanku, ku karɓi rasit. Ku yi hattara da caja marar nauyi mai arha sosai, domin jabu sukan ɗauki rubutun gaskiya a jikinsu. Araha ba ta ado.

A gida kuma, ku bar janareta ya daidaita kafin ku jona, ku cire kafin a kashe shi. Da damina, in ana tsawa, ku cire komai daga bango. In kuka ji ƙauri, ko caja ta yi zafin da hannu ba zai riƙe ba, ko batir ya kumbura, ku cire nan da nan ku kai wa mai gyara.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su sa a manna takarda a jikin kowace caja, a rubuta sunan na'urarta. Kayan nan amana ne a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar lura da su.