Kitsen da ke zama dafi cikin jijiyoyin jariri

Jariri ya zo duniya lafiya lau, yana shan nono, yana murmushi. Kafin ya cika wata 6 sai uwa ta ga ya sake hali: kuka babu dalili, zazzaɓi, ƙin nono, jiki yana sandarewa. Sannu a hankali gani da ji su tafi. Wannan ita ce cutar Krabbe, wadda wani likitan ƙasar Danmak, Knud Krabbe, ya bayyana a shekara ta 1916.

Jijiyoyin ɗan Adam suna da rufi na kitse, tamkar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Yayin da jiki ke gina wannan rufi, yakan fitar da wani ɗan kitse mai suna sikosin. Ga mai lafiya akwai sinadarin da ke narkar da shi tun bai taru ba. A 1970 masana ƴan Japan biyu masu suna Suzuki suka gano cewa yaran da ke da cutar sun rasa wannan sinadari. A 1972 Miyatake da Suzuki suka kawo bayanin cewa sikosin ɗin da ya taru shi ne dafin: yana kashe ƙwayoyin da ke gina rufin, saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa ga gaɓoɓi.

Cutar ba ta yaɗuwa, kuma ba laifin uwa ba ne. Gado ce, kamar amosanin jini: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, sannan kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. A Turai da Amurka tana kama kimanin jariri 1 cikin 100,000, galibinsu kuwa ba su wuce shekara 2 ko 3.

Babu maganin da ke warkar da ita, amma dashen ƙwayoyin jinin cibiya yana rage mata ƙarfi, in an yi shi cikin watan farko, tun alamu ba su fito ba. Saboda haka jihar New York ta soma auna jinin jarirai a 2006.

To jama'a, gidan da aka rasa yaro fiye da ɗaya da irin waɗannan alamu, kada a ɗora wa iska ko maita. A je a ga likita, a faɗa masa tarihin dangi, tun wani cikin bai zo ba.