Karkatacciyar Wutsiyar Hamsta: Tsakanin Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

A cikin masu kiwon hamsta, 'yar ƙaramar dabbar nan dangin ɓera mai cusa abinci a kumatu irin yadda gafiya ke yi, akwai maganar da ta daɗe tana yawo. Wai duk wadda aka gani da lanƙwasa a wutsiya to ƙashin bayanta ma ya lalace, ƙafafunta za su shanye, kuma kwananta ba shi da yawa. Saboda wannan magana wasu kan mayar da lafiyayyar dabba shagon da suka sayo ta, wasu har su nemi a kashe ta wai don a hutar da ita. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa wutsiya ai ado ce kawai, suna ta barbarar irin waɗannan dabbobi suna sayar da 'ya'yan. Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, amma a ganina ɓarnar na biyun ta fi yawa, domin ita ce ke yaɗuwa daga gida zuwa gida.

Tushen maganar gaskiya ne. Wutsiya ba wata aba ce da aka maƙala daga waje ba, ƙarshen ƙashin baya ce, kuma tun a cikin mahaifa ita da ƙasan ƙashin bayan daga wuri guda suke tsirowa. Idan aka samu tangarɗa a wannan wuri, tana iya tsayawa a wutsiya kaɗai, tana kuma iya haurawa sama ta taɓa ƙugu da laka. An tabbatar da haka a dabbobi da dama. A 1927 wata masaniya 'yar asalin Rasha da ke aiki a Paris, Nadine Dobrovolskaia-Zavadskaia, ta gano ƙwayar gado a jikin ɓeraye wadda ke gajarta wutsiya idan ɗa ya gaje ta daga ɓangare ɗaya, idan kuwa ya gaje ta daga uwa da uba duka sai ya mutu tun a ciki. Kyanwar tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayaland ta yi suna da rashin wutsiya, kuma wasu daga cikin 'ya'yanta kan zo da buɗaɗɗen ƙashin baya, ba sa iya riƙe fitsari ko kashi. Karnuka masu murɗaɗɗiyar wutsiya irin su buldog su ma an san su da karkatattun gaɓoɓin baya. Don haka wanda ya ga lanƙwasa a wutsiyar hamsta ya tsaya ya duba bayanta bai yi wauta ba.

Inda ƙarya ta shigo shi ne cewa kowace lanƙwasa alamar wannan ciwo ce. Wutsiyar hamstar Siriya ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba, ga ta da taushi, kuma a kwanakin farko na rayuwa abu kaɗan ke karya ta. Uwa kan ɗauki 'ya'yanta da baki ta sauya musu wuri, musamman idan an dame ta da leƙe-leƙe, haƙorinta kuma yakan kama inda bai kamata ba. Ƙofar keji kan datse ta. Sai kuma audugar shimfiɗa mai laushi da ake sayarwa a shaguna, wadda zarenta ke nannaɗe ƙafa ko wutsiyar jariri ya hana jini gudana har wurin ya bushe ya faɗi. Ƙashi ya karye ya warke a karkace, shi ke nan. Irin wannan dabba za ta yi shekarunta biyu zuwa uku tana gudu tana haƙa rami kamar kowace hamsta.

Akwai wani ruɗani da ya fi wannan zurfi, shi ne ɗaukar duk abin da aka haifi dabba da shi a matsayin gado. Cikin hamstar Siriya kwana 16 ne kacal, yana cikin mafi gajarta a dabbobi masu mahaifa, saboda haka gaɓoɓin ɗan tayi kan haɗu cikin sauri, kuma abin da ya sami uwar a 'yan kwanakin nan yakan bar tabo. Wannan ne ma ya sa masu bincike suka daɗe suna amfani da ita wajen gano abubuwan da ke naƙasa jarirai. A shekarun 1960 an nuna cewa gubar dalma, idan ta shiga jikin uwa mai ciki, tana fitar da 'ya'ya masu guntuwar wutsiya ko marasa ita baki ɗaya, tare da lalacewar ƙashin ƙugu. Bitamin A idan ya yi yawa, da zafin da ya wuce kima a farkon ciki, su ma suna naƙasa ɗan tayi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi jinin iyaye. Sai dai mai kiwo ba zai iya bambancewa da ido ba tsakanin lanƙwasar da gado ya kawo da wadda tsautsayi ya kawo. Abin da zai ba shi haske shi ne maimaituwa: idan 'ya'ya biyu ko uku a haihuwa ɗaya suka fito da ita, ko iyayen suka sake haifar irinsu a karo na gaba, to zargin gado ya yi ƙarfi.

Yaya za a gane ko baya ya taɓu? A ajiye ta a kan shimfiɗaɗɗen wuri a zuba mata ido. Lafiyayya takan taka da ƙafafun baya biyu daidai wa daida, ta miƙe tsaye a kansu ta kama ƙwayar hatsi da hannaye, ta lanƙwasa jiki ta lashe bayanta ba tare da ta kife ba. Wadda lakarta ta taɓu kuwa za a ga tana jan ƙafa, yatsun baya na naɗewa suna gogar ƙasa, gashin ƙasan cikinta kullum a jiƙe da fitsari. Wannan sai likitan dabbobi, shi ne zai ɗauki hoton ƙashi ya ga ainihin abin da ke ciki.

Wasu kan ce ai duk hamstar Siriya jini ɗaya ce, don haka dukkansu masu ciwon baya ne. Rabin farko na maganar yana da ƙamshin gaskiya. A 1930 wani masanin dabbobi daga Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, Israel Aharoni, ya tono uwa da 'ya'yanta a wata gona kusa da Halab, kuma 'yan kaɗan da suka rayu daga cikinsu su ne kakannin yawancin waɗanda ke cikin keji a duniya yau. Amma rabi na biyu ba haka yake ba. Kusan shekara ɗari ke nan ana kiwon zuriyar, kuma mafi yawansu bayansu garau yake. Abin da ke fito da ɓoyayyen aibi shi ne haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya, haihuwa bayan haihuwa, ba tare da an ware masu naƙasa ba, kamar yadda ake yi a wuraren da ke fitar da su da yawa don kasuwa.

Wani ciwon gado da aka tabbatar a hamstar Siriya wanda ya shafi tafiya shi ne shanyewar ƙafafun baya da aka bayyana a 1968. Uwa ce ke ɗauke da shi, maza yake kamawa, yawanci tsakanin wata 6 zuwa 10 da haihuwa, kuma ba ya buƙatar wata alama a wutsiya kafin ya bayyana. Mai kallon wutsiya kaɗai zai iya sayen namiji mai miƙaƙƙiyar wutsiya da ke ɗauke da shi. Haka nan masu kiwon ƙwarai sun san ba a haɗa hamsta biyu masu ɗauke da ƙwayar gadon da ke sa gashin ciki ya zama fari, domin kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan fito farare fat ba idanu.

Doro kuma ba kullum gado ba ne. Hamsta kan yi gudun kilomitoci a dare ɗaya a cikin wilin kejinta, idan wilin ya yi mata kaɗan sai ta riƙa gudu kai a ɗage baya a gantsare, dare bayan dare. Ta Siriya tana buƙatar wili mai faɗin santimita 28 zuwa 30, ƙananan nau'o'in kuma kimanin 20, kuma ya zama mai shafaffen ciki, ba mai sandunan waya ba. Ga shi ba ta gani sosai, ba ta iya auna nisa, tana iya takowa daga kan tebur ko daga hannun yaro ta faɗo ta karya baya. Wadda ta takure ta yi doro farat ɗaya kuwa, ciwo take ji a wani wuri, sau da yawa a ciki.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke rikita mutane game da wutsiya. Hamstar Sin tana da wutsiya mai tsawon santimita biyu zuwa uku da siririn jiki, halittarta ke nan, ba naƙasa ba ce kuma ba a haɗa ta da ɓera ba. Ciwon da ake kira jiƙaƙƙiyar wutsiya shi ma ba ruwansa da ƙashi. Mummunar gudawa ce da ƙwayar cuta ke haddasawa a hanji, ta fi kama 'ya'yan da aka yaye kwanan nan, kuma tana iya kashewa cikin kwana biyu, don haka ranar da aka gani ranar za a kai asibiti.

Mai hamsta mai karkatacciyar wutsiya, idan tana ci tana sha tana takawa daidai, ka riƙe abarka, ka gyara mata keji, ka cire audugar nan, ka riƙa duba tafiyarta lokaci-lokaci. Amma kada ka yi mata barbara ko da kana kyautata zaton rauni ne, kuma idan za ka ba wani ita ko 'yan'uwanta, ka faɗa masa abin da ka gani.