Lafiyar Jama'a Amana Ce: Darasi Daga Bakolori

Malaman Usulu sun tabbatar da cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar, wato addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Wanda ya lura zai ga ba a raba su, domin idan ɗaya ya taɓu sai sauran su raunana. Haka lafiyar al'umma take. Ba ta tsaya ga allura da ƙwayar magani ba, ta haɗa har da ruwan sha, da abinci, da gona, da kwanciyar rai.

Ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta ga gaskiyar wannan magana. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato domin noman rani. Niyyar kyakkyawa ce, amma ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, dubban mutane suka tashi daga gidajen kakanninsu, fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafa da kifi. Da manoma suka tsaya neman diyya, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi hasarar rayuka.

Ban da wannan, ruwan da ke kwanciya a magudanai matattara ce ta sauro mai kawo zazzaɓin cizon sauro, da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya. Likita yana iya warkar da yaron da ke fitsarin jini, amma muddin a wannan ruwa zai koma wanka, ciwon zai dawo.

Saboda haka, ya ku 'yan kasuwa, rijiya mai tsabta sadaka ce mai gudana, zakka kuwa idan ta isa hannun mabukaci tana tare yunwa tun kafin ta zama cuta. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, kada ku sa hannu a wani aiki sai kun tambaya: me zai yi wa ruwan mutane, da abincinsu, da mutuncinsu? Limamai su riƙa tunatar da jama'a cewa tsabta da neman magani ba su saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa mu riƙe amanar da aka ɗora mana, amin.