Kano Studies: Mujallar da ta ajiye tarihin ribaɗi, amma ba ta kai ƙauye ba

Manomin Kara da ke tsakanin Gwarzo da Kabo ba ya bukatar a gaya masa cewa iyakar Katsina na kusa. Hare-haren 'yan bindiga a Shanono da Tsanyawa sun isa tunatarwa. Sai dai tsaron wannan shiyya tsohuwar magana ce, kuma malamai sun daɗe da rubutu a kanta.

A 1965 Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero, ta fara buga mujallar Kano Studies. A fitowar 1966 Murray Last ya yi nazarin manufar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ta kafa ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu, su yi noma su kuma tsare hanya. Shi kansa Bello a Wurno ya tare. A yammacin Kano, Gwarzo da Ƙaraye na cikin garuruwan da suka tare mahara daga ɓangaren Maraɗi.

Joseph Smaldone ya faɗaɗa batun a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato.

Matsalar ita ce duk da Turanci aka rubuta su, kuma tsofaffin fitowar na jibge a ɗakunan karatun jami'a. Ɗan sa-kai da ke kwana yana sintiri a Gwarzo, da wuya ya taɓa ganin ko bangonsu.