Mene Ne Yunit A Takardar Kuɗin Wuta?

Mai sayen hatsi ya san mudu. Ya kuma san mudun wata kasuwa ya fi na wata girma. To, wutar lantarki ma tana da nata mudun. Sunansa yunit. A takardar kuɗin wuta da jikin mita, ana rubuta shi da haruffa uku: kWh.

Kowane kayan wuta yana da ƙarfinsa. Da wat ake auna ƙarfin, kuma akan rubuta lambar a jikin kayan. Abu mai wat 1,000 in ya yi aiki awa ɗaya, ya ci yunit ɗaya. Dutsen guga yakan kai haka. Ƙwan fitila irin na da mai wat 100 sai ya yi awa 10 kafin ya ci yunit. Farin ƙwai na zamani mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100. Ashe guga ce mai cin kuɗi, ba hasken ɗaki ba.

Wannan mudu ba ya canzawa. Yunit ɗin KEDCO a Kano shi ne na NIGELEC a Maraɗi. Shi ne na Gana, da Ingila, da Amurka. Farashi ne kawai ya bambanta.

Saboda haka mai gida zai iya bin sawun bil da kansa. In mita ta nuna 250 a watan jiya, yau ta nuna 290, an sha yunit 40 ke nan. Sai ya duba ko haka aka rubuta masa. Gidan da ba mita, ƙiyasi ake yi masa, kuma nan ne rigima ta fi yawa.

A wajen iskar gas ta girki ne ƙasashe suka rabu. A Nijeriya da kilo ake sayar da ita, kamar tukunya mai kilo 12 da rabi. A Ingila ta bututu take shiga gidaje. Mita tana auna yawan iskar, sannan kamfani ya juya lissafin zuwa kWh, don mutum ya gwada da kuɗin lantarki. A Amurka kamfanoni da yawa suna da wani ma'auni dabam, ana ce masa tam. Tam ɗaya ya kai kusan yunit 29.