Ƙarfin Mai da Ƙarfin Iska: Yadda Injuna Suke Ɗaga Kaya da Yadda Ake Kula da Su a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta ratsa Gaya har zuwa Ajingi da Toranke, ba zai rasa ganin abubuwa uku ba: tarakta tana ɗaga garmarta a bakin gona, tifa tana juye yashi, da mai faci yana hura taya a gindin bishiya. Waɗannan ayyuka duka sun dogara ne a kan abu guda, watau matse mai ko iska a cikin rufaffen mazubi, sa'an nan a sarrafa ƙarfin da ya fito daga wannan matsi. Fahimtar wannan al'amari ta wajaba a kan ɗalibi da ma'aikacin gwamnati, domin dukiya mai yawa ta jama'a tana ruɓewa a gareji saboda rashin kula da abin da bai taka kara ya karya ba.

Asalin Ilimin

Amfani da iska wajen aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zugazugin maƙeri na'ura ce ta iska, domin yana zuƙo ta, ya matse ta, ya tura ta cikin garwashi. Amma ƙa'idar da injunan zamani suke bi ta samo asali ne daga wani masani ɗan ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya bayyana a ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwan da yake cikin rufaffen mazubi, matsin yakan isa kowane sashe nasa daidai wa daida. A shekarar 1795 Joseph Bramah na Ingila ya ƙera matsewar farko da take aiki da wannan ƙa'ida. A 1869 kuma George Westinghouse na Amurka ya fito da birkin iska don jiragen ƙasa. Ita kuwa dabarar ɗaga garma da ƙarfin mai, Harry Ferguson ne ya ɓullo da ita, ta kuma bazu bayan fitowar taraktar Ford ta 1939.

Yadda Ƙarfin Mai Yake Aiki

Jak na ɗaga mota shi ne misali mafi sauƙi. Yana da fistin biyu, ƙarami da babba, da mai a tsakaninsu. A ɗauka faɗin fuskar babban ya ninka na ƙaramin sau 20. Idan aka danna ƙaramin da nauyin kilo 25, babban zai ɗaga kilo 500. Idan kuma hannun jak ɗin ya ƙara ninka ƙarfin mutum sau 10, to, abin ya zama kilo 5,000 ke nan. Sai dai ba a samun wannan ƙarfi a banza, domin kafin babban fistin ya tashi santimita 1, dole ƙaramin ya yi tafiyar santimita 20. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ta buga hannun jak sau da yawa kafin mota ta ɗan ɗaga.

A jikin tarakta da tifa da katafila, injin ne yake juya famfo a maimakon hannun mutum. Famfon yana zuƙo mai daga tanki, ya bi ta matata, ya tura shi cikin tiyo zuwa bawul. Direba ne yake sarrafa bawul ɗin, shi kuma ya karkata man zuwa silinda, sai garma ko akwatin tifa ya tashi. Akwai kuma bawul na kariya, wanda yake buɗewa ya mai da man cikin tanki idan matsi ya wuce kima. Matsin da yake cikin tiyon tarakta yakan kai ninki 70 zuwa 100 na iskar tayar ƙaramar mota.

Yadda Ƙarfin Iska Yake Aiki

Bambancin mai da iska shi ne, mai ba ya matsuwa, ita kuwa iska tana matsuwa ƙwarai. Saboda haka mai ya fi dacewa da ɗaga kaya masu nauyi a tsanake, iska kuma ta fi dacewa da aikin sauri, kamar kwance noti, da fesa fenti, da fasa dutse, irin ayyukan da ake yi a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Kwamfuresa tana zuƙo iska, ta matse ta cikin tanki, ana ɗiba ta tiyo gwargwadon bukata. Yawancin kayan aikin gareji suna bukatar matsin da ya kai kamar ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota. Manyan motoci ma da iska suke taka birki, kuma an gina na zamani ta yadda idan iska ta zube, birkin baya zai kama da kansa.

Abokan Gaban Injuna a Wannan Yanki

Na farko ita ce ƙura. Ƙasar Gaya da Ajingi jigawa ce, kuma da hunturu ƙura takan shiga ko'ina. Tazarar da take tsakanin ƙarafan cikin famfo ba ta kai kaurin silin gashi ba, don haka ƙwayar rairayi tana iya zazzage su kamar sandfefa. Mafi yawan lokaci ƙurar tana shiga ne ta hanyar buɗaɗɗiyar jarka, ko mazurari mai datti, ko bakin tiyon da aka yasar a ƙasa.

Na biyu shi ne ruwa. Idan man tarakta ya koma fari kamar madara, ruwa ya shige shi. Idan kuwa yana kumfa, famfo yana kuka, to, iska ce take shiga ta wani wuri. A tankin kwamfuresa kuwa, laimar da take cikin iska takan koma ruwa ta kwanta a ƙasa, musamman da damina, tana cin ƙarfen ta ciki har wata rana tankin ya fashe.

Na uku shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai maki 40, idan kuma man ya wuce maki 80 sai ya tsinke, robobin da suke hana yoyo su bushe su tsage.

Ƙa'idodin Kulawa

Kowace safiya a duba yawan mai, a kuma buɗe ƙasan tankin iska a zubar da ruwa. A canja mai da matata bisa awowin aiki da littafin kamfani ya faɗa, kada a jira sai injin ya tsaya. Kada a haɗa man birki da man haidirolik, domin kowanne yana lalata robar da aka yi wa ɗan'uwansa. A rufe jarkar mai, a ajiye ta a inuwa.

Game da lafiyar ma'aikaci kuwa, kada a nemi wurin yoyo da hannu, a yi amfani da kwali. Man da yake fita ta ƙaramar huda yana iya ratsa fata, kuma ko da raunin bai wuce tsinin allura ba, dole a garzaya asibiti nan take, in ba haka ba a rasa yatsa. Kada a shiga ƙarƙashin akwatin tifa ko motar da take kan jak sai an tokare ta. A sauke garma ƙasa kafin a kashe tarakta, a kuma saki matsi kafin a kwance kowane tiyo. Kada a kakkaɓe tufafi da iskar kwamfuresa, balle a yi wasa da ita.

Kammalawa

Damina a gabashin Kano gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Taraktar da ta kasa ɗaga garma a makon farko na shuka ta jawo wa manoman gero da dawa da gyaɗa na Toranke hasarar da ba ta gyaruwa sai baɗi, alhali kuwa wataƙila roba guda ce ta tsage. Hausawa suna cewa rigakafi ya fi magani. Saboda haka ya kamata a gama duba injuna tun da rani, a ware kuɗin kayan gyara tare da kuɗin sayen injin, a kuma buɗe wa kowace na'ura littafin da za a riƙa rubuta awowinta da gyaranta. Hukumar KNARDA, wadda take da ofishin shiyya a Gaya, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, suna kusa da wannan yanki, kuma su ne suka fi cancanta da horar da direbobi da kanikawan karkara a kan waɗannan ƙa'idodi.